Mai Rigar Yana Tasawa

Cima ce ta karanta mini takardar,
don idona ya yi yana, baƙi ya daina tsaya mini.
"Baba, daga filin jirgin Damagaram zuwa na Yamai
kilomita ɗari bakwai ne da ƴan kai, ta sama.
Kafin awa biyu ta cika mun sauka."

Na ce, wa ya sace sauran?
Shekara talatin da ɗaya ina jan tirela a hanyar nan,
kusan ɗari tara na sani,
na san su da ƙugu, na san su da gwiwa.
Ta ce, sama ba ta da kwana.
Na ce, hanyar da ba kwana, ina ake tsayawa a gaisa?

Da hantsi muka bar Garin Malam.
An auna jakata, kilo shida,
an karɓe ƴar wuƙar da nake yanka goro.
Wata yarinya mai muryar rediyo ta ɗaure ni a kujera
kamar buhun wake a bayan mota.

Injin ya yi gurnani, na kasa kunne.
Lafiyarsa lau, ko da yake ba a tambaye ni ba.
Ƙafata ta nemi totur, ta taka iska.
Cima ta ce duwatsun Birni sun koma ƴaƴan dara.
Na ce ta bar ni, taga ba tawa ba ce.
Na rufe idon da dama a rufe yake,
na tada motata a ka.

Ga Tirmini.
Ga Takeita, jandarma yana hamma, ya ɗaga sanda.
Ga ramin nan da ya ci mini taya biyu a damina ɗaya,
na kauce masa hagu.
Tasawa. Na ja birki gaban teburin Illa mai shayi.
Ya ce, direba, ka tsufa.
Na ce, butarka ta girme ni.
Ya zuba, ya ɗaga, ya sake zubawa, kumfa na hawa,
ban ko kurɓa ba
sai muryar rediyon ta ce a gyara zama, za a sauka.

A sauka ina?
Ban ga Maradi ba.
Ban biya Tabawa ta Galmi jaka biyun albasarta ba,
bashin da nake ja da gangan
don kada in rasa dalilin tsayawa.
Ban yi la'asar a Ƙonni ba.
Kafin Dogon Dutsi akwai wata bedi,
nan jak ya zame
Abarshi yaron motata yana ƙarƙashi.
Ban taɓa wucewa ban danna masa oda ba.
Yau na bi ta kansa ina tsotsar alewa.

Taya ta taɓa ƙasa.
Direban ya iya, ba zan hana masa nasa ba.
Kowa ya kunna waya yana cewa mun iso.
Cima ta duba agogo, awa ɗaya da minti hamsin.
Ta ce likita na jira ƙarfe uku,
gobe war haka an kwashe yanar.

Na ce, ƴata, samo mini benci.
Abin da jirgi ya kawo ga shi, riƙe masa hannu:
riga, hula, da kilo shida.
Mai rigar kuwa yana Tasawa, shayinsa bai huce ba.
Motarsa tsohuwa ce, ga lodi,
kuma ba ya gudu da dare.
In likita ya buɗe idon nan tun bai iso ba,
wa zai leƙo ta ciki?

Ta yi dariya. Ta zauna, ta cire takalmi.
Masu share fili suka zo suka wuce.
Can ta ce, Baba, yanzu ina ka kai?

Na ce, yi shiru,
ina shiga Gazawa.
Akwai jakuna a kan hanya.